Zuciyar Mutum Birninsa: Zaman Marar Addini a Cikin Masu Addini

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa sama da kashi 99 cikin ɗari na al'ummar Nijar Musulmi ne. Ragowar Kirista ne da masu addinin gargajiya, sai wasu ƴan tsiraru da aka rubuta cewa ba su bin kowane addini. Ƙanƙantar adadin nan na ƙarshe ba abin mamaki ba ce, tun da maigida ne kan amsa wa mai ƙidaya a madadin iyalinsa duka, shi kuwa bai san abin da ke cikin zuciyar ɗansa ba. Tambayar da ta cancanci nazari ita ce: yaya mutumin da imani ya fita daga zuciyarsa zai zauna cikin jama'arsa ba tare da hankalinsa ya taɓu ba? Mene ne haƙƙinsa a kan jama'a, mene ne kuma haƙƙinta a kansa?

Garuruwan ma'adinai na jahar Agadas wuri ne da ya dace a auna wannan tambaya. Arlit gari ne da uraniyom ya haifa: an kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara haƙo a 1971, sa'an nan COMINAK ya biyo baya a 1974, ya raya Akokan har ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe mahaƙarsa. Cibarakaten kuwa zinariya ce ta tara mata jama'a tun daga 2014, can kusa da iyakar Aljeriya, kuma rufe mahaƙar Jado a 2017 ya ƙara mata mutane. Hausawa da Abzinawa da Tubawa da Zabarmawa da baƙi daga ƙasashe maƙwabta suna zaune cikin rumfuna, nesa da iyalansu, ruwan sha ma da mota ake kawo shi. A irin wannan wuri addini shi ne agogo, shi ne kuma asusun taimako. Kiran salla ke raba yini, azumi ke haɗa kwano, kuma in rami ya rufta da mutum, abokan sahunsa ne za su yi masa wanka da sutura, su aika wa danginsa labari.

Ana iya zaton wanda ya yi nisa da gida ya samu sarari, tun da idon iyaye ba ya kansa. Amma wanda ke kwana rumfa ɗaya da mutum goma ba shi da ɗakin da zai rufe. In ya makara asuba an gani, in ya kurɓi ruwa da rana cikin watan azumi an gani. Don haka yakan zama mai gadin bakinsa da fuskarsa dare da rana, yana auna kowace kalma kafin ta fita. Wannan gadi shi ke gajiyar da zuciya. Daga nan rashin barci ke farawa, da faɗuwar gaba, da ƙuncin rai, da jin cewa duk mai ƙaunarsa wani mutum dabam yake ƙauna. A mahaƙa, inda ƙwayar taramol ba ta wuyar samu, hanyar kashe damuwa da ƙwaya a buɗe take, alhali sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, wanda aka sani da Pavillon E, yana nesa da Arlit da fiye da kilomita 1,000.

A nan ya kamata a bambance abu biyu da jama'a kan cakuɗa. Rashin imani ra'ayi ne, mai addini na da damar ganin sa ɓata ne, amma ba ya cikin jerin cututtukan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa. Abin da ke jawo ciwo shi ne ɓoyo da kaɗaici da tsoron da ke biyo bayansa. Labarin Mubarak Bala na Kano ya isa misali. A 2014, da ya bayyana wa danginsa cewa ya bar addini, sai aka kai shi sashen masu taɓin hankali na wani asibiti, ya yi kwana 18 a can. A watan Afrilu na 2020 aka kama shi saboda rubuce-rubucensa a Facebook, waɗanda Musulmi da yawa suka ɗauka ɓatanci ne. A 2022 kotu ta yanke masa shekara 24, kotun ɗaukaka ƙara ta rage su zuwa 5 a 2024, daga baya aka sake shi. Darasi biyu ke cikin labarin. Na farko, kiran mai shakka mahaukaci yana cutar da shi, yana kuma cutar da marasa lafiya na gaskiya, domin ya mai da asibiti gidan horo. Na biyu, rashin yarda da abu daban, cin mutuncin masu yarda da shi daban, kuma baki shi kan yanka wuya.

To, wanda ya zaɓi yin shiru munafuki ne? Wannan ita ce tambayar da ta fi cin irin waɗannan mutane a rai, musamman masu son gaskiya a cikinsu. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wato riƙe sirri ba aibi ba ne. Wanda ya yi shiru don ya tsira da ransa, ko don kada ya karya zuciyar tsohuwarsa, bai ƙwace haƙƙin kowa ba. Inda shiru ke zama yaudara shi ne inda aka yi ado da addini don cin riba: a karɓi limanci, ko a karɓi ajiyar mutane da sunan tsoron Allah, alhali zuciya ba ta wurin. Aure shi ne wuri mafi wuya, domin matar da ta amince ta auri mai salla tana da haƙƙin sanin wanda za ta aura, kuma tsoron da yake ji bai shafe haƙƙinta ba. Wanda ya gane wannan iyaka zai iya sauke wa kansa laifin da ba nasa ba, ya ɗauki wanda yake nasa.

Masanin zamantakewa Emile Durkheim, cikin nazarinsa na 1897 a kan kisan kai, ya nuna cewa ƙarfin igiyar da ta ɗaure mutum da jama'arsa shi ke kare shi daga halaka kansa, kuma a ganinsa kariyar da addini ke bayarwa daga wannan haɗin kai take fitowa. Ke nan babban haɗari ga marar addini shi ne ya tsinke igiyar duka saboda zare ɗaya ya tsinke. Ɗaliban faransanci sun san Meursault na littafin Albert Camus na 1942, wanda kotu ta fi damuwa da rashin kukansa ranar jana'izar uwarsa bisa ga kisan da ya yi. Jama'a kan yafe abubuwa da dama, amma da wuya ta yafe wa wanda bai taya ta kuka ba. Zuwa gaisuwar mutuwa da suna da biki, da dubiyar marar lafiya, da zubin adashi, da zaman shayi a fada, da taron ƙungiyar ma'aikata, duk zumunta ce, ita kuwa a ƙafa take, ba ta tambayar abin da ke cikin zuciya. Bayan wannan, yana buƙatar ko da mutum ɗaya mai amana wanda zai iya sauke kayansa a gabansa. In kuwa barci ya ƙaurace masa makonni, ko tunanin kashe kansa ya fara zo masa, to lokacin ganin likita ya yi, kuma aikin likita ya haɗa da riƙe sirrin marar lafiya.

Akwai kuma abin dogaro cikin al'adar kanta. Anthony Kirk-Greene, cikin nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa halaye goma, cikinsu har da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci da adalci. Addini ya ƙarfafa su, amma dukansu a aikace ake ganin su. A bakin ramin zinariya, wanda ya sauka ƙasa ya danƙa ransa ga mai riƙe igiya a sama, kuma abin da yake buƙata a wannan sa'a shi ne hannun da ba zai saki ba. Wanda ya riƙe amana a nan yana da abin da zai tsaya a kai in zuciyarsa ta fara ce masa shi ba kowa ba ne.

Saura haƙƙin da ke kan jama'a. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin zama da wanda ba ya salla: Maguzawa a ƙasar Kano da Katsina, Arna a Adar da Arewa, sun yi ƙarnuka suna cin kasuwa ɗaya da Musulmi. Tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya raba addini da gwamnati, ya kuma amince da ƴancin tunani da na addini. Malamai ma sun san aya ta 256 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi magana a kan tilastawa cikin addini. Tilas na iya tsayar da mutum a sahu, amma ba ta shiga birnin zuciya. Iyakarta ta koya masa ɓoyo, ta ƙara masa ciwo. Mai addinin da ke fatan ɗan'uwansa ya dawo, ya fi kowa buƙatar ɗan'uwan nan ya kasance da rai da lafiyayyen hankali.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu su ne kan fara cin karo da wannan al'amari, domin a aji ne matashi kan yi tambayar da ba ya iya yi a gida. Malamin da ya saurare shi, ya amsa masa gwargwadon saninsa, bai kai ƙararsa ba, bai mai da shi abin dariyar ƴan aji ba, ya yi aikin da ya fi darasin ranar. Yaron nan na iya komawa ga imaninsa, yana iya ƙin komawa. Wannan tsakaninsa da zuciyarsa ne. Abin da ke hannun malami shi ne kada yaron ya fita daga aji da tunanin cewa ba shi da kowa.