Shin Daidai Ne Mai Iyali Ya Bar Sana'arsa Ya Tafi Koyon Aikin Jinya?

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya da nake so mu auna tare. A ce ga mutum ɗan shekara 30 ko 35. Ya yi lakwal tun yana yaro har ya samu takardar BEPC, sannan ya bari. Ya kama ɗinki, ko tireda, ko tuƙin mota. Yana da mata da ɗiya uku. Ran nan sai ya ce zai rufe shago, ya tafi makarantar koyon aikin jinya, wato aikin anfirmiye. Ko kuwa mace ce mai tuyar ƙosai, ta yaye ɗanta na huɗu, ta ce ita ma za ta. Shin sun yi daidai, ko son kai ne?

Idan aka kawo wannan magana a majalisa, abin da mutane suke fara dubawa shi ne shekaru. Sai ka ji ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wasu su yi dariya, su ce ga ƙato da gemu zai zauna benci ɗaya da sa'o'in ƙanensa. To, wannan kai ne ka fi kowa sanin amsarta. Kai da kake karanta wannan takarda, shekararka nawa ranar da ka fara riƙa alli a makarantar yaƙi da jahilci? Ba a yi maka dariya ba? Ga shi yau kana karanta wasiƙarka da kanka, kana duba lissafin auduga ko na gyaɗa ba mai cutarka. Gemu ba ya hana ilimi.

Ko a tarihi haka abin yake. Wata Baturiyar Ingila mai suna Florence Nightingale, wadda ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani, an haife ta a 1820. Iyayenta masu dukiya ne, ba su so ta yi wannan aiki ba. Sai a 1851, tana da shekara 31, ta samu ta je Jamus ta yi koyo. A 1854 ta tafi jinyar sojoji a lokacin yaƙin Kirimiya, a 1860 kuma ta buɗe makarantar jinya a birnin Landan. A nan gida ma, babbar makarantar lafiya ta gwamnati da ke Yamai, wato ENSP, tana ɗauke da sunan Damure Zika, wanda ya rasu a 2009. Ɗan sarkawa ne na bakin kogi. Ya yi wasan silima, ya yi magana a rediyo, ya yi wa jama'a magani. Allah bai ɗaure mutum ga sana'a guda ba.

Har ma akwai abin da babba ya fi yaro. Wanda ya taɓa ɗaukar ɗansa a amalanke cikin dare ya nufi gidan likita, ya san abin da ke cikin zuciyar uban da ya tsaya a ƙofa. Matar da ta san zafin naƙuda ba ta cika yi wa mai naƙuda tsawa ba. Tela ya saba da awo, ɗan tireda ya saba da lissafi da haƙurin ciniki. Duk waɗannan suna da amfani a bakin gadon marar lafiya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka mu ajiye zancen shekaru. Nauyin maganar yana wani wuri dabam. Karatun nan shekara 3 ne, ko ga mai BEPC da zai fito ƙaramin ma'aikacin lafiya, ko ga mai takardar bak da zai fito babban anfirmiye. Makarantun suna birni, kamar Yamai da Damagaram, waɗansu na gwamnati, waɗansu na kuɗi. Karatun da Faransanci ne, wanda mai yiwuwa ya yi tsatsa a bakin mutum. Zai koyi sassan jiki, da awon zafin jiki, da yin allura, da wanke gyambo, da lissafin magani daidai da nauyin yaro. Zai yi kwanan gadi a asibiti. Mai wannan aiki ba ya da lokacin taka keken ɗinki.

To, cikin shekarun nan 3, wa zai cika rumbu? Wa zai yi noma idan damana ta faɗi? Wa zai saya wa yara tufafin salla? Yaro ɗan shekara 18 idan ya tafi karatu, cikinsa kaɗai ya ɗauka. Mai iyali kuwa idan ya tafi, wani ne zai ɗauki kayan da ya sauke. Ko matarsa ta ƙara surfe da saƙa, ko wansa ya nome gona biyu, ko tsohuwa ta sayar da akuyoyinta. Idan mace ce ta tafi, kishiya ko ƙanwa ko uwa ce za ta riƙe yaran. Ashe da gumin mutane da yawa ake sayen farar rigar nan.

Kuma ba a ɓoye gaskiya. Gama karatu ba shi ne samun albashi ba. Da yawa sukan yi shekaru suna aikin sa kai ko na ɗan kwantaragi kafin gwamnati ta ɗauke su, kuma shiga aikin gwamnati yana da iyakar shekaru. Wanda ya bar sana'ar da ke ci da shi don yana zaton kuɗi na jiransa a asibiti, ya sake lissafi.

Ga abin da nake gani. Tafiyar daidai ce, amma bashi ce. Mai tafiya ya san da haka tun kafin ya ɗaure kayansa, kuma bashin yana da wuri uku.

Na farko na iyali ne, ana kuwa fara biyansa da shawara. Ciyar da iyali wajibi ne a kan magidanci, niyya mai kyau ba ta sauke shi. Kada ya yanke magana shi kaɗai, sannan ya sanar da matarsa ranar da mota za ta tashi. Ya zauna da ita, da iyaye, da ƴan'uwa. A ƙirga dammunan hatsi, a ƙirga jikkunan da za a kashe kowace shekara, a san wanda ya ɗauki me. Idan lissafi bai fita bana ba, ya yi haƙuri ya tara har baɗi. Haka kuma mijin da matarsa ta zo masa da wannan buri, ya saurare ta da idon basira. Tun zamanin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, akwai Rufaida, wadda take jinyar masu rauni cikin tantinta a Madina, har da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Jinya ba baƙon aiki ba ne ga mace.

Na biyu na gari ne. Ƙasarmu tana da ƙarancin ma'aikatan lafiya. A 2006 hukumar lafiya ta duniya ta ce ana bukatar aƙalla likita da anfirmiye da ungozoma 23 ga kowane mutum 10,000, mu kuwa muna nesa da haka, ƙauye kuma ya fi birni rashi. Tun 2001 aka gina ƙananan ɗakunan shan magani masu yawa a karkara, amma gini ba ya yin allura. A 2015 sanƙarau ya kama mutum wajen 8,500 a Nijar, ya kashe fiye da 500. Idan mutanen ƙauye suka yi wahalar mutum har ya ƙare, sannan ya ƙi aikin daji, ya yi ta neman hanyar zama birni, ya ci amana. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Na uku na marar lafiya ne. Kun sha jin kukan jama'a game da waɗansu ma'aikata masu hantarar talaka. Wanda ya shiga aikin da girmansa ba ya da uzuri a nan, domin jiya jiya shi ma yana cikin layi. Ya tuna. Ya gaida tsoho da harshen da tsoho yake ji. Ya bayyana wa uwa yadda za ta ba da magani har ta gane. Ya riƙe asirin mutane.

Wataƙila ka ce: ni ba ni da BEPC, ina ruwana da wannan? Da ruwanka. Mai yiwuwa kai ne wan da za a roƙa ya nome gona biyu, ko mijin da za a nemi izininsa. Ranar nan kada ka yi dariya. Ka tambayi lissafi, ka tambayi niyya, in sun yi kyau ka taimaka. Bayan haka, karatun da ka samu yana da aikinsa. Ana zaɓen mutanen gari masu iya rubutu a horar da su. Su ne suke bin gida gida da damana suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓin sauro, aikin da aka fara a ƙasarmu a 2013. Su ne suke auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi, idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, su ce a gaggauta kai shi gidan likita. Wannan ma jinya ce, kuma ƙofarta a buɗe take gare ka.

Ku tattauna wannan magana a makarantarku, maza da mata, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.