Farfaɗiya a Makaranta: Wa Ya Kamata Ya Ji Kunya?

Akwai tambayar da nake so in ajiye a gaban 'yan'uwana marubuta, musamman waɗanda muke riƙe da alli tare. Idan yaro ya yanke jiki ya faɗi a filin taron safe, jikinsa yana karkarwa, kumfa tana fita daga bakinsa, ɗalibai suka dare, malamai suka tsaya daga nesa suna salati, to a cikin wannan taro wane ne ya yi abin kunya? A yadda aka saba a nan Babura, da maƙwabtanmu Kazaure da Roni da Gwiwa, yaron ne yake kwana da kunyar. Washegari ba mai zama kusa da shi a benci, ba mai shan ruwa a moɗar da ya sha, kafin zango ya ƙare uban ya ce ya zauna a gida. Ni kuwa a ganina an ɗora kaya a kan wanda ba shi ne mai su ba.

Dalili kuwa shi ne, kunya tana bin aikin da mutum ya zaɓa da hankalinsa. Ɓarawo ya zaɓi sata, maƙaryaci ya zaɓi ƙarya. Mai farfaɗiya bai zaɓi komai ba. Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da 'yan saƙonnin lantarki, idan suka rikice na ɗan lokaci sai jiki ya ƙwace wa mai shi. Abin da ke jawo haka sau da yawa a gabanmu yake: doguwar naƙuda, buguwa a kai, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau irin wanda ya yi ɓarna a arewacin ƙasar nan a 1996. Waɗanda suka zaɓi wani abu a filin nan su ne masu kallo, domin sun zaɓi gudu.

Wani zai ce ai tsoro ne ya kore su, tun suna yara ake gaya musu wanda ya taɓa yawun ko ya tsallake shi ya ɗauka. Wannan uzuri ne ga ɗan aji ɗaya, amma ba zai karɓi malami ba. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu, ko numfashi, ko cin abinci a kwano ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 50 a duniya, kuma kusan 70 cikin 100 za su daina faɗuwa in sun sami magani yadda ya kamata. Ɗaya daga cikin magungunan, fenobabiton, tun 1912 ake amfani da shi, kuma yana cikin masu araha. Rashin sani ya fi dare duhu, gaskiya ne, to amma wanda aka ba fitila ya ƙi kunnawa ba zai yi kuka da dare ba.

A littafin Buhari akwai labarin wata baiwar Allah mai farfaɗiya da ta kai kukanta wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bayan ta zaɓi haƙuri, abu guda ta ƙara roƙo, shi ne a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ta faɗi, kuma aka yi mata. A duba abin da ya fi damunta: sutura. Wannan ita ce haƙƙin da ɗalibinmu yake bin mu bashi a lokacin da ba zai iya suturta kansa ba, kuma ba ta hana neman magani.

Suturar nan ba ta buƙatar kuɗi. A kawar da benci da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa riga ko jaka a ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan rigarsa, a kwantar da shi a gefe domin yawu ya zuba. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, domin mutum ba ya haɗiye harshensa, amma yana iya shaƙewa. A kori 'yan kallo, in yarinya ce a rufa mata mayafi. Galibi cikin minti biyu zuwa uku abin yake lafawa, in ya wuce minti 5 ko ya maimaita, sai asibiti. Sa'annan a shawarci iyaye su kai shi babban asibitin Babura, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a kuma dage da shan magani ko da an daina faɗuwa. Malami ya lura, akwai irin da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi bai san inda yake ba. Sau nawa bulala ta sauka a kan irin wannan da sunan rashin mai da hankali?

Mu marubuta kuma namu aikin ya fi haka nisa, domin abin da muka mai da abin dariya ko abin tsoro a labari, shi mai karatu zai ɗauka zuwa gida. Dostoyebski na ƙasar Rasha, wanda ya rasu a 1881, da wannan ciwo ya rayu, kuma har yau duniya tana karanta littattafansa. Ina dalilin da zai hana mu rubuta tauraro mai farfaɗiya da ya gama makaranta, ya yi aure, ya riƙe gida? Yaron da ke bencin baya yana buƙatar ya ga irinsa a takarda, abokan ajinsa ma haka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma ya ba mu ikon matsawa kusa idan ɗan wani ya faɗi.