Amana a Ƙarƙashin Teku: Yadda Marar Sani Yake Zaɓen Masani

Daga cikin tsofaffin mas'alolin da malaman usulul fiƙihu, wato ilimin tushen hukunce-hukunce, suka tattauna akwai wadda ta shafi yadda marar sani zai gane masanin da ya cancanci a bi, alhali auna ilimin wani yana buƙatar ilimin da shi mai tambayar ya rasa. Malaman sun yi maganarsu ne a kan mufti da mai neman fatawa, amma mas'alar ta fi fatawa faɗi, kuma tana bayyana ƙarara a wuraren shaƙatawa na gaɓar Bahar Maliya a Masar, irin su Sharm el-Sheikh da Dahab da Hurghada, inda baƙon otal yake zaɓen kamfanin da zai kai shi nutso ƙarƙashin teku da tulun iska goye a bayansa.

Nauyin wannan zaɓi ya samo asali ne daga ɗabi'ar ruwan kansa. Tun daga 1943, lokacin da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar da ke daidaita fitar iska daga tulu, nutso ya fara zama abin da kowa zai iya koya, sai dai matsin ruwa yana nan yadda yake, yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar duniya ɗaya a kowace mita 10. Wanda ya cika huhunsa a zurfin mita 10 ya taso yana riƙe da numfashi, iskar za ta nemi ninka girmanta, huhun kuma yana iya yagewa. Wanda ya daɗe a zurfi ya taso da gaggawa, naitirojin da ya narke a jikinsa zai koma kumfa a jini da gaɓoɓi. Akwai kuma abin da baƙo ba shi da ikon gani ko kaɗan, domin idan injin cika tulu ya zuƙi hayaƙin wani inji da ke kusa, gubar da za ta shiga tulun ba ta da launi ba ta da wari.

Wasu sukan ce ajali ba ya wuce lokacinsa, saboda haka yawan bincike alama ce ta raunin tawakkali. Wannan fahimta ba ta da ƙarfi, domin tawakkali aikin zuciya ne da yake tafiya tare da riƙon sababi, wato bin hanyoyin da Allah ya sanya su zama dalilin tsira, kuma kiyaye rai yana cikin larurai biyar da Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a 1388, ya sanya a ƙashin bayan manufofin shari'a. Da yake nutson shaƙatawa ba larura ce ta tilasta shi ba, uzurin mai sakaci a cikinsa ya fi ƙaranci. Kasancewar teburin kamfani a harabar otal ba shaida ba ce ta ƙwarewa, domin abin da ya haɗa su yarjejeniyar kasuwanci ce, haka nan sauƙin farashi, wanda Bahaushe ya riga ya yanke masa hukunci da cewa araha ba ta ado.

Malaman usulu sun bai wa marar sani hanyoyi na zahiri, kamar shahara a tsakanin ma'abota fanni da shaidar amintattu, kuma makamancin haka a nan shi ne takardar ƙungiyoyin horarwa irin su CMAS da aka kafa a 1959 da PADI da aka kafa a 1966, da lasisin hukuma, da hatimin gwajin da ake bugawa a wuyan tulu, da tulun iskar oksijin na agajin gaggawa a cikin jirgin ruwa. Sai dai malaman sun sharɗanta wa mufti abu biyu, ilimi da adala, wato tsayuwar hali, takarda kuwa na farkon kaɗai take tabbatarwa.

Adala tana bayyana ne a lokacin da amfanin mutum ya ci karo da gaskiya, kuma wannan ne wurin da idon baƙo yake da iko. An san Imam Malik da yawan amsa tambaya da cewa bai sani ba, abin da ya ƙara masa ƙima maimakon ya rage ta. Kamfanin da ya karanta takardar lafiyar baƙo da gaske ya mayar da mai asma wurin likita, ko ya hana mai mura shiga ruwa saboda kunnensa ba zai daidaita da matsi ba, ko ya tsayar da sabon shiga a mita 12 da mai takardar farko a mita 18, ko ya tambayi ranar tafiya don tabbatar da tazarar sa'o'i 12 zuwa 18 kafin hawa jirgin sama, ya yi asarar kuɗi a gaban idon mai biya. Wanda kuwa ya amince ya kai mai ƙaramar takarda ƙofar dutsen nan ta Blue Hole a Dahab, wadda take wajen mita 55, nesa da iyakar mita 40 ta nutson shaƙatawa, kuma ta ci rayuka da dama, ya bayyana halinsa tun kafin a jiƙa ƙafa.

Saura takardar yafe alhaki da ake miƙa wa baƙo ya sa hannu. A ma'aunin fiƙihu ana iya ɗaukarta a matsayin shaidar cewa an sanar da shi haɗarin da ba ya rabuwa da aikin, amma da wuya ta ɗauke lamuni, wato wajibcin biyan ɓarna, daga wanda ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci da tulu da injin cikawa, musamman a mazhabar da ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su saboda maslahar jama'a. Ita ma yardar baƙon tana da iyaka, domin ransa amana ce a hannunsa, ba dukiyar da zai sallama wa wani da sa hannu ba.