Minti Goma Kafin Gari Ya Waye

Wani saurayi ya baro ƙauyensu a ƙasar Malumfashi ya zo Legas neman abin kansa. Ya samu aikin lodi a wani kamfani da ke Ogba, wajen titin Acme, yana kwana ɗaki ɗaya da wasu samari uku a Agege, inda Hausawa suka kafa zango tun zamanin fataucin goro. Su ukun Musulmi ne, shi kuwa Kirista, ɗan ikilisiyar ECWA tun daga kakansa.

A gida bai taɓa sanin addu'a tana da wuya ba. Inna ce ke tashin kowa, a yi waƙa, a karanta Abincin Yini, Baba ya rufe da addu'a, sannan a ɗauki fartanya. A Legas ba mai tashinsa. Tun da duhu yana bakin titi yana kokawar shiga danfo, da dare ya dawo jiki duk ya mutu. Sai ranar Lahadi a wurin sujadar Hausa yake tuna cewa mako guda ya wuce bai buɗe baki ya yi magana da Ubangijinsa ba.

Abin ya dame shi. Bayan wani taron addu'ar dare ya yi alkawarin awa guda a durƙushe kowane dare. Kafin mako ya zagayo barci ya ci shi da yaƙi, kunya kuma ta hana shi sake gwadawa.

A ƙofar kamfanin akwai wani tsohon maigadi, dattijo ne a majami'arsu. Wata rana ya ga yaron ya yi zugum a kan benci.

"Ɗana, lafiya? Ko daga gida ne?"

"Lafiya lau, Baba. Ni dai addu'a ce ta gagare ni. Ina ganin Allah ya gaji da alkawarina."

Tsohon ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Wa ya aza maka awa guda? Kai da kake ɗaukar kwali tun safe? Gaya mini, me kake fara ji kowace asuba?"

"Kiran salla, Baba. Abokan ɗakina su tashi su ɗauki buta."

"Kai kuma ka ja bargo."

Yaron ya sunkuyar da kai.

"To, ga agogonka nan, kyauta. In sun fita masallaci ɗakin ya zama naka. Ka tashi zaune, kada ka yi a kwance. Waya ta zauna a aljihun wando. Ka karanta Zabura ɗaya, ka yi Addu'ar Ubangiji a hankali kana jin abin da kake faɗa, ka yi godiya, ka ambaci sunan mutum uku a gaban Allah. Minti goma ya isa. Ba a nome gona rana ɗaya."

Ya zaro Littafi Mai Tsarki daga aljihun rigar sanyinsa, bangonsa duk ya sha ɗinki. Ya nuna masa Markus sura 1, inda Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe ya yi addu'a, alhali jiya da yamma jama'ar gari sun cika ƙofar gida. Ya buɗe Daniyel sura 6. "Duba da kyau. Ba ranar da sarki ya kafa doka Daniyel ya fara durƙusawa sau uku ba. Dama can ya saba. Kuma ka sani, su Likita Miller na Wusasa sun sha wahala kafin littafin nan ya fito cikakke da Hausa a 1932. Ba don ya kwana a ƙasan jaka suka yi ba."

"In na makara fa, Baba?"

"Ka yi a cikin danfo. In ranar ta kuɓuce gaba ɗaya, gobe ka dawo. Uba ba ya korar ɗa don ya makara gaisuwa."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta riƙe shi, ni ma ita na fi so a dukan labarin, domin yawancinmu kunyar faɗuwa ce ke raba mu da addu'a, ba rashin lokaci ba. Ya yi, ya fasa, ya dawo. Wata asuba da barci ya danne shi, ɗaya daga abokan ɗakin ya taɓa ƙafarsa ya ce, "Malam, tashi, lokacin addu'arka ya yi."

Da damina ta faɗi aka bugo waya cewa Inna tana kwance a asibiti, shi kuwa ko kuɗin mota ba shi da su. Bai yi ta neman wanda zai yi masa addu'a ba. Ya san inda zai durƙusa, ya san yadda zai fara. Ya yi kuka, ya faɗa wa Allah komai da Hausar da aka haife shi a cikinta, ya tashi ya tafi aiki da ƙarfin zuciya, har Allah ya sa 'yan Zumuntar Maza suka haɗa masa kuɗin tafiya.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ka kwanta daren nan ka tsai da lokacinka na gobe, ka ajiye Littafin inda hannunka zai fara kaiwa.