WAƘAR RAP TA ƘI WUCEWA: INA MAFITA GA 'YA'YANMU?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya sanar da shi bayani, Ya sanya harshe ya zama amana a wuyansa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, dalilin wannan nasiha shi ne kukan da wani dattijo manomin albasa ya kawo mana bayan sallar La'asar a yankin Malbaza. Ya ce yana da ɗa mai shekara 16, wanda ba ya rabuwa da waƙar nan ta samari da ake kira rap, wasu kuma su ce da ita gambarar zamani. Da abin ya ishe shi, sai ya ƙwace wayar yaron ya rotsa ta da taɓarya. Ba a yi mako guda ba yaron ya daina cin tuwon gida, ya koma kwana a fadar abokansa. Dattijon ya ce, "Malam, na fasa waya, amma waƙar tana nan cikin kan yaron. Shin abin nan zai wuce kamar yadda sauran yayi suka wuce, ko kuwa na rasa ɗana ke nan?"

Ba mu ga dacewar mu kwantar masa da hankali da abin da ba gaskiya ba. Mun ce da shi, "Baba, ɗanka dai ba ka rasa shi ba in Allah Ya so, amma waƙar nan babu alamar za ta wuce nan kusa." Mun ga ya kyautu mu faɗaɗa wannan amsa a nan, domin gidajen da ke cikin irin wannan hali daga Ƙonni zuwa Illela suna da yawa.

ASALINTA DA YADDA TA ISO MANA

Masana tarihinta suna lissafa mafarinta daga ranar 11 ga Agusta 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York a ƙasar Amurka, wurin wani biki da wani saurayi ɗan asalin Jamaika mai laƙabin Kool Herc ya shirya. Talakawa baƙar fata ne suka rene ta a unguwannin da hukuma ta yi wa riƙon sakainar kashi. Daga can ta ƙetara Faransa da Senegal. A 2017 aka bayyana cewa ita da danginta sun zarce kowane irin kiɗa yawan masu saurare a Amurka, a 2023 kuma aka yi bikin cikarta shekara 50.

A nan Nijar ta yi ƙarfi ne a ƙarshen shekarun 1990. Bayan Taron Ƙasa na 1991 an samu gidajen rediyo masu zaman kansu. A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, rayuwa ta yi tsada, waɗanda suka gama lakwal suka rasa aikin gwamnati, fadojin shan shayi suka yawaita a bakin tituna. A cikin wannan hali ne ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Wass Wong da Kaidan Gaskiya suka bayyana a Yamai, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. A wancan lokaci manya da dama sun ce yayi ne, zai mutu da kansa. Ga shi yau waɗanda suka saurare ta a kaset sun yi furfura, 'ya'yansu kuma suna sauraronta a wayar salula. Mu da ke bakin iyaka ta fuska biyu take zo mana: ta hanyar Yamai, da kuma ta hanyar Sakkwato, inda waƙoƙin samarin Kano da Kaduna ke shigowa tare da kayan kasuwa.

ME YA SA TA DAƊE?

Likita ba ya ba da magani sai ya san cuta. Dalili na farko shi ne jarinta magana ce. Mai kalangu ko gurmi sai ya yi shekaru a gaban ubangida kafin ya ƙware, amma wannan waƙa baki kawai take buƙata da 'yar waya. Kuma kunnen Bahaushe ya saba da irinta tun kaka da kakanni, wajen 'yan gambara da 'yan kama da kirarin 'yan dambe da na mafarauta. Saboda haka ba ta zo a matsayin baƙuwa sosai ba, ta tarar da shimfiɗa.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, kuma mu manya ya fi shafa. Kusan rabin al'ummar ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Saurayi ya tashi ya ga gona ta yi kaɗan ga 'yan gida, masana'antar siminti ta Malbaza ba za ta ɗauki kowa ba, yayyensa sun tafi cirani Legas ko Libiya, shi kuma yana jan kabu-kabu tsakanin tasha da bakin iyaka. Cikinsa cike yake da magana, a gida kuwa an koya masa cewa yaro ba ya magana a gaban manya. Sai ya ji wani sa'ansa yana faɗin abin da ke ransa game da rashin aiki da cin hanci da auren dole. Dole ya kasa kunne. Wanda ya saurari kukanka shi kake ɗauka masoyi, ko da ba shi ne ba.

Shi ya sa ƙarfi kaɗai bai taɓa kashe ta ba. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙin Hausa 11, amma suka ci gaba da yawo daga waya zuwa waya. Abin da ya gagari kotu, taɓaryar uba ɗaya ba za ta iya masa ba.

HUKUNCIN SHARI'A

Wajibi ne a rarrabe abubuwa uku da ake cakuɗawa: kalmomin waƙar, da kiɗan da ke tare da ita, da kuma wurin da ake yin ta.

Game da kalmomi, malamai sun tafi a kan cewa waƙa magana ce, mai kyanta mai kyau ce, mummunarta mummuna ce, kamar yadda aka ruwaito daga Imam Shafi'i. A ƙarshen Suratush Shu'ara'i, aya ta 224 zuwa 227, Allah (S.W.T.) Ya zargi mawaƙan da ɓatattu ke bi, masu faɗin abin da ba sa aikatawa, sa'an nan Ya ware waɗanda suka yi imani, suka yi aikin ƙwarai, suka yawaita ambatonSa, suka kare kansu bayan an zalunce su. Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana sa a ajiye wa Hassanu ɗan Sabitu (R.A.) mumbari a masallaci domin ya kare Musulunci da waƙa. Haka nan Bukhari ya ruwaito cewa a cikin waƙa akwai hikima, ya kuma ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya bari waƙa ta cika cikinsa har ta rinjaye shi.

To mu auna da wannan ma'auni. Waƙar da ta yi kira ga barin ƙwaya, ko ta tsawata wa mai cin dukiyar marayu, kalmominta ba su da laifi. Amma ba za mu ɓoye ba, kaso mai yawa na abin da ke cikin wayoyin yaranmu zagi ne da habaici da alfahari da kuɗi da siffanta jikin mata. Suratul Hujurati, aya ta 11 da ta 12, ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabi da giba, amsa-amo kuwa ba ya mayar da haram halal. Suratu Ƙaf, aya ta 18, ta sanar da mu cewa kowace kalma akwai mai tsaro da ke rubuta ta. Wanda ya zagi mutum a zaure, zunubinsa ya tsaya a zaure. Wanda ya zuba zagi a waƙa, yana kabari ana kunna ta. Kuma a ƙasar da aka haife ta an ga ƙarshen wannan gasa ta gori: an harbe Tupac Shakur a 1996 yana ɗan shekara 25, aka harbe abokin hamayyarsa Notorious B.I.G. a 1997 yana ɗan shekara 24. Ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar Tupac, Mutah Beale, daga baya ya rungumi addini da gaske, ya bar sana'ar, ya koma yi wa matasa nasiha.

Game da kayan kiɗa, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana su, in ban da ganga mai fuska ɗaya a wajen aure da idi. Hujjarsu ita ce hadisin Abu Malik Al-Ash'ari da ke cikin Bukhari, da fassarar da Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) ya yi wa aya ta 6 ta Suratu Luƙman. Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu ita ma a kan hani take. Wasu malamai, kamar Ibn Hazm, sun saɓa. Abin da muke ba da shawara a kai shi ne bin mafi rinjaye, domin ya fi kuɓutar da addinin mutum, ba tare da kafirta kowa a kan mas'alar da aka yi saɓani ba.

Amma wurin da ake cakuɗa maza da mata, ana shaye-shaye, ana kiran sallah ba mai motsawa, wannan babu saɓani a kan haramcinsa.

GADON DA MUKA SAKE

Ya ku 'yan'uwa, a Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Shehu bai tsaya ga littattafan Larabci ba. Da ya ga makiyaya da manoma ba sa karatu, sai ya tsara musu tauhidi da wa'azi a cikin waƙoƙi da harshen da suke ji. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta bi sawunsa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajis ɗinta ƙauyuka suna koya wa mata 'yan taru addini ta hanyar waƙa. A ƙarnin da ya wuce Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho, ya tsara Imfiraji, har aka riƙa rera ta a kasuwanni da tashoshin mota. Waɗannan bayin Allah sun gane cewa kunnen jama'a fili ne, in ba ka shuka gero ba ƙaya za ta fito.

Mu ne muka bar filin. Yaron da ya haddace waƙa hamsin ba tare da kuskure ba, Allah Ya ba shi kaifin hadda da fasahar harshe. Tambayar ita ce wa ya nemi wannan baiwa kafin mai studiyo ya same ta?

ABIN YI

Makomar wannan waƙa a ƙasarmu tana rataye da abin da za mu yi. Za ta ci gaba muddin akwai matasa masu magana a ciki da wayoyi a hannu. Abin da ke hannunmu shi ne abin da za su faɗa, da kuma wanda za su ɗauka abin koyi.

Ga iyaye: ku zauna da 'ya'yanku. Ka ce wa ɗanka ya faɗa maka kalmomin waƙar da yake so, baki da baki, ba kiɗa. In ya ji kunyar furta su a gabanka, ya riga ya yanke wa kansa hukunci, sai ka tunatar da shi cewa Allah ne Ya fi cancanta a ji kunyarSa. In kuwa ya faɗi magana mai ma'ana, ka saurara, domin wataƙila damuwarsa ce yake gaya maka da bakin wani.

Ga malamai da shugabannin makarantun Islamiyya: mu je fadojin nan da kanmu, mu sha shayinsu, mu amsa tambayoyinsu da fuska a sake. Mu raya gasar rubutacciyar waƙa ba tare da kiɗa ba, kamar yadda muke raya musabaƙar Alƙur'ani, a ba yara damar yin magana a kan gaskiyar rayuwarsu.

Ga masu hali na Ƙonni da Tsernawa da Badagishiri: saurayin da ke da sana'a ba ya kwana a bakin titi. Ɗaukar yaro ɗaya a koya masa aiki ya fi dogon ƙorafi amfani.

Ga ku samari masu wannan fasaha: ba mu raina baiwarku ba. Ku tuna Annabi (S.A.W.) ya gaya wa Mu'azu ɗan Jabal (R.A.) cewa abin da harsuna suka girba shi ke kifar da mutane a wuta. Kafin ka saki waƙa, ka tambayi kanka ko za ka so a karanta maka ita a cikin littafinka ranar da uwa ba ta amfanin ɗa.

Shi kuwa dattijon nan, mun shawarce shi ya je fadar da ƙafarsa, ya yi sallama, ya kira ɗansa su koma gida tare, kada ya aika kowa.

Ya Allah Ka shiryi zuriyarmu, Ka tsare harsunanmu da kunnuwanmu daga abin da ba Ka so, Ka buɗa wa matasanmu hanyoyin arziki na halal, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa. Wallahu a'alamu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.