Shaidar Ɗan Ƙasa a Kan Ƙasarsa

A cikin samarin Jos da suka kammala digiri na farko, waɗansu a tarihi, waɗansu a labarin ƙasa ko shari'a ko tattalin arziki, akan sami wanda idan ya ɗaura niyyar komawa makaranta ba ya son ya ƙara nitsewa cikin fanninsa shi kaɗai, sai ya nemi irin digiri na biyun nan da ake kira nazarin yanki, wanda a cikinsa ɗalibi yake zaɓen ƙasa guda ko jama'a guda, ya tattaro mata fannoni dabam-dabam, ya dube ta ta kowace fuska. Magabatansa sukan tambaye shi aikin da zai samu da wannan takarda, kuma sun yi daidai, domin neman halali wajibi ne. Amma akwai wata mas'ala da ta fi wannan nauyi, wadda ba a cika tayar da ita ba, ita ce ko ana karɓar shaidar mutum a kan ƙasar da aka binne cibiyarsa.

Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya, a babin shaida, ba su tsaya ga adalcin mai shaida kaɗai ba, har sai da suka sharɗanta ya kuɓuta daga tuhuma. Saboda haka ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta miji ga matarsa, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko da kuwa an san mutumin da salla da gaskiya, domin zuciya tana karkata ba tare da ta shawarci mai ita ba. Ibn Haldun ma, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a shekarar 1377, da ya zo lissafa hanyoyin da ƙarya take shiga cikin labarai, da ta'assubanci ya fara. To, idan aka auna ɗan Jos da wannan ma'auni, wa zai tsira? Tun daga rikicin ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, da abin da ya biyo baya a Nuwamba 2008 da Janairu 2010, da wuya a sami gida a Unguwar Rogo ko Gangare, ko a Jenta Adamu ko Kabong, wanda bai rasa wani nasa ba, ko shagonsa, ko maƙwabcin da suka shekara ashirin suna karɓar wuta a hannun juna. Wanda ya tashi a cikin wannan hali, sa'an nan ya zauna zai rubuta kundi a kan garin, ya shigo da tuhuma tun kafin ya buɗe littafi.

Mai gaggawa zai ce sai a bar wa baƙo aikin, tun da shi ba ya da uwa ba ya da uba a cikin rigimar. Tarihin wannan fanni bai goyi bayan haka ba. Makarantar nazarin ƙasashen Gabas da aka kafa a Landan a 1916, wadda daga baya aka haɗa mata da Afirka, babbar manufarta a farko ita ce horar da waɗanda za su tafi mulkin ƙasashen da Ingila ta mallaka. Dokar da Amurka ta yi a 1958, wadda ta zuba kuɗi a cibiyoyin koyon harsuna da nazarin yankuna, tsaron ƙasa ne ya haife ta a zamanin gasarsu da Rasha. A nan gida kuwa, littafin da C. G. Ames ya tattara a kan Lardin Filato, wanda aka buga a 1934, an yi shi ne domin jami'in mulki ya san wa zai naɗa, wa zai karɓi haraji a hannunsa. Ba na hana wa waɗannan ayyuka darajarsu, gama sun adana abubuwa da yawa da da sun salwanta. Abin da nake cewa shi ne baƙon ma da tasa bukatar ya zo. Kuma mun gani da idonmu yadda, a gaban kwamitocin bincike na Mai Shari'a Fiberesima a 1994, da na Mai Shari'a Niki Tobi bayan 2001, da na Bola Ajibola bayan 2008, kowane ɓangare ya zo da takardun tarihi a hammata, ya karanta shafin da ya yi masa daɗi, ya rufe sauran.

Tun da babu mai shaidar da ya kuɓuta daga tuhuma, na gida ne ko na waje, sai a nemi wata hanya, kuma a ganina hanyar tana cikin abin nan da ake zargin nazarin yanki da shi, wato tara fannoni. Malaman hadisi sun ce labari yana kaiwa ga yaƙini idan ya zo ta bakin jama'a masu yawa waɗanda hankali ba zai yarda sun haɗa baki a kan ƙarya ba, shi ne suke kira mutawatiri. Fannonin ilmi ba sa haɗa baki, domin kowanne da usulinsa da irin hujjar da yake karɓa.

Mu ɗauki kuza, wadda ita ce mafarin Jos ta yau. Bahaushen ɗalibi da ya karanta tarihi shi kaɗai zai iya tsayawa ga abin da ya ji a gida, cewa kakanninsa sun zo tun farkon ƙarnin da ya wuce, sun haƙa, sun yi fatauci, sun kafa unguwanni da kasuwa a lokacin da ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, kuma duk wannan gaskiya ne. Amma idan aka tilasta masa ya zauna a ajin labarin ƙasa, aka kai shi Bukuru da Barikin Ladi ya ga kududdufan da kamfanoni suka bari da tsibin ƙasar da ba ta ƙara yin acca ba, zai gane cewa waɗannan ramuka gonakin wasu ne, Birom da Anaguta da Afizere, kuma ɗacin da yake ji a bakin jikokinsu yana da asali tun kafin a haifi 'yan siyasar da ake ɗora wa laifi. Haka nan ɗalibi ɗan Birom, wanda ya tashi yana jin cewa baƙi sun zo ne su ci arziki, idan tattalin arziki ya kai shi ga takardun aikin tilas na shekarun 1942 zuwa 1944, lokacin da aka riƙa ɗebo talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su haƙar kuza saboda yaƙin duniya na biyu, da yawansu sanyin dutse da yunwa da cuta suka kashe su, zai ga cewa a cikin waɗanda yake kira baƙi akwai zuriyar mutanen da ba da son ransu suka hau tsaunin ba. Sa'an nan ilmin mulki ya zo ya nuna musu su biyun yadda aka ƙirƙiri Lardin Filato a 1926, aka naɗa Rwang Pam sarkin Birom a 1947, aka yanke ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, da yadda takardar shaidar zama ɗan asalin wuri ta zama ƙofar makaranta da aikin gwamnati. Nazarin addini kuma ya tuna musu cewa garin da ya zama matattarar 'yan mishan shi ne garin da Shehu Isma'ila Idris ya kafa Izala a 1978. Har ƙasar kanta ta ba da tata shaidar, domin a ramin kuza ne, kusa da ƙauyen Nok, aka fara tono gumakan yumɓu a 1928, waɗanda suka sa Bernard Fagg ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, kuma masu su sun rayu shekaru fiye da dubu biyu kafin duk masu jayayyar yau.

Akwai suka mai ƙarfi da ba zan ɓoye ba. Malamanmu na zaure suna girmama mutafannini, amma ba sa ba mutum wannan suna sai ya shekara da shekaru yana durƙuso, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Risala da Muhtasar, sa'an nan nahawu da lugga da tafsiri, kowane fanni a gaban ma'abucinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, inda ya yi bayanin ƙasashen Takruru da jama'unsu da malamansu, ba sai bayan ya ƙoshi da karatu a gaban mahaifinsa da baffansa. Digirin shekara biyu ba zai mai da kowa haka ba, kuma wanda ya ɗanɗani fannoni biyar bai ƙware a ko ɗaya ba yana iya fin jahili haɗari, saboda ya sami kalmomin da zai yi wa son zuciyarsa ado. Don haka wajibi ne ɗalibi ya riƙe fanni guda ya zama tushensa, wanda ya san ƙa'idojinsa har ya iya gane kuskure a cikinsa, sauran kuma ya je musu da ladabin almajiri. Wajibi ne kuma ya koyi harshe. Abin kunya ne a ce kusan kowane ɗan Birom yana jin Hausa, alhali Bahaushen da yake da'awar nazarin Filato bai iya gaida tsohuwa da harshenta ba.

Wuraren neman wannan ilmi ba su yi mana nisa ba. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ibadan tana nan tun 1962, Gidan Arewa a Kaduna tun 1970, Jami'ar Jos ta tsaya da ƙafarta a 1975 kuma bayan rikicin 2001 ta buɗe cibiyar nazarin rikici da zaman lafiya, ga rubuce-rubucen Larabci a gidan tarihi na Jos, ga fayilolin lardi a ma'ajiyar takardun ƙasa ta Kaduna.

Imamu Gazali ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, bisa hujjar cewa al'amuran jama'a ba sa tsayuwa sai da su. A bisa wannan ƙiyasi nake ganin garin da aka zubar da jini a cikinsa saboda saɓani a kan wa ya riga wa zuwa, lalle ne a sami waɗansu daga 'ya'yansa, Musulmi da Kirista, da za su ɗauke wa sauran nauyin sanin al'amarin bisa haƙiƙarsa, in kuwa ba a samu ba kowa yana da kasonsa na laifi. Sai dai alƙali ba ya karɓar shaida sai an yi wa mai ita tazkiyya, kuma sa hannun malaman jami'a bai wadatar ba a wannan babi. Ɗalibin da ya gama kundinsa a kan Jos, kafin ya miƙa shi, ya haye zuwa unguwar da ya daina shiga tun 2001, ya nemi wani mai ilmi daga cikin mutanenta, ya ba shi ya karanta, ya zauna ya saurari inda zai ce an rage musu mudu, sa'an nan ya koma ga takardun ya duba ko mutumin ya yi gaskiya.