Bishiyar Madagaska a Lambun Baƙo: Mallaka Ce Ko Ajiya?

A shekara ta 2006 aka gano wata bishiya dangin giginya a gundumar Analalava, arewa maso yammacin tsibirin Madagaska, wadda masana tsirrai ba su san da ita ba. A 2008 suka raɗa mata suna Tahina. Tsawonta yakan kai mita 18, faɗin ganye guda kuwa mita 5. Takan yi shekaru gommai kafin ta yi fure, sau ɗaya tak, ta zuba 'ya'ya, sa'an nan ta mutu. Waɗanda aka ƙirga a lokacin ba su kai ɗari ba.

Aka raba irinta ga lambunan binciken tsirrai na ƙasashe dabam dabam, aka kuma sayar wa masu sha'awa da wani kashi, kuɗin ya koma ga mutanen ƙauyen da ke tsaronta. Ta haka ta isa wurare irin kudancin Kalifoniya a Amurka, inda sanyi ba ya tsanani amma zafin bai kai na gidanta ba. Mai lambu a can yakan fara renonta a tukunya, ya zaɓa mata gindin bango mai shan rana, ya lulluɓe ta a daren hunturu.

To, ta wane ne? Ya biya kuɗi, ya sha wahala, doka ma tana bayansa. Amma kuɗinsa ƙwayar iri ɗaya ya saya, bai sayi zuriyar ba. Idan gobarar daji ta cinye na Analalava, tsiron da ke bayan ɗakinsa ya zama ajiyar mutanen da bai taɓa gani ba, kuma mai ajiya ba ya hana mai kaya kayansa. Wanda ya shuka ta don maƙwabta su yi ta kallo, ya ƙi rubuta asalinta, ya ƙi ba masana labarin girmanta, ya tauye wannan hakki ko da bishiyar ta yi kyau.

Akwai masu cewa cire ta daga ƙasarta ma laifi ne. Wannan ya yi tsauri, gama iri kaɗan a wuri ɗaya yana cikin hatsari. Sai dai mai lambun da ya kai shekara hamsin da wuya ya ga furenta. Saboda haka tun yanzu ya kamata ya shaida wa 'ya'yansa inda za a aika da irin, in har ta haihu.